Da Bakina Na Ce Masauki

Rabin ɗaki na kama a Sabon Birni, ba ɗaki ba. Gara in fara da wannan, don ni kaina tun ranar farko na manta.

Na samu gurbi a wata 'yar makarantar koyon aikin asibiti, kuma daga Burkusuma ba a zuwa kullum a koma. Ko mutum na da man mashin, hanyar ba ta biyuwa in la'asar ta yi sanyi saboda 'yan bindiga, kowa ya sani. Sai wani ɗan ajinmu ya haɗa ni da wani ɗan garin Isa da ke aji na gaba da mu, wanda abokin zamanshi ya gama ya tafi. Shagon waje ne na gidan wata Hajiya tsohuwa, ƙofarshi na kallon titi, ita tana can ciki da jikokinta. Da sunan ɗan Isa anka kama ɗakin, shi Hajiya ta sani. Ni ɗora ni anka yi. Ya girme ni da 'yan shekaru, siriri, maganarshi ba ta da yawa. Ranar da na kawo kayana, da ƙafa ya nuna mini iyaka.

"Daga tagar nan zuwa ƙofa naka. Daga nan zuwa bango nawa. Risho na kowa, bokiti na kowa. Caja tawa ce."

Na ce, "Oga, ba matsala, an wuce wurin."

A gida mu biyar ke kwana shago guda, ni da ƙannena, ban taɓa riƙe makullin komai ba sai na akwati. To ga ni da makullin ƙofa a aljihu. Na shimfiɗa 'yar katifata, na buga ƙusa uku a bango, na rataye kaya masu guga, na jera takalma biyu kamar na sayarwa. Na ɗauki hoto ta kusurwar da katifar ɗan Isa ba ta fitowa, ɗakin ya haɗu, ka ce nawa ne ni kaɗai. Ban tsaya wani tunani ba na watsa shi a gurup ɗin samarin garinmu, na bi shi da murya: "Jama'a, masauki ya samu a Sabon Birni. Duk wanda ya shigo gari, ƙofa buɗe take."

Abin da nake nufi, abokaina su leƙo, mu sha shayi, mu ɗauki hoto, su koma suna cewa gayen ya waye. Mu a bakinmu masauki wurin da kake kwana ne kawai, kamar ka ce fada, kamar ka ce bariki. Wani cikin yaran ya kunna muryar a majalisar dattawan gari, Kawuna na zaune.

Kawu yayan Innarmu ne. Fatauci yake tun ban zo duniya ba, barkono da kanwa da dabino, tsakanin kasuwannin Nijar da namu. A wurin irinsu, masauki ba magana ce ta baki ba. In mutum ya ce shi ne mai masaukinku a gari kaza, to ya ɗauki abu: tabarma, ruwan alwala, ajiyar kayan da ba su shiga ba har wata kasuwar, amsa sallama ko yaushe kunka iso. Ana yin shekara talatin a haka, ɗa ya gada daga uba. Mai masaukin su Kawu ya kwashe iyalinshi ya koma Sakkwato da abubuwa sunka ɓaci, gidan na rufe. Tun sannan a barandar shagunan bakin tasha suke kwana duk jajibirin kasuwa, kowa da kai bisa buhunshi. Duk wannan na sani. Ban dai haɗa shi da muryata ba.

Jajibirin kasuwar farko, na taso makaranta bayan azahar, na iske mashin uku ƙofar ɗaki, Kawu zaune bisa buhu yana fifita da hula.

"Ga mai masauki nan ya iso," ya ce wa sauran. "Likita, an taso lahiya?"

Wallahi daɗi na ji. Manyan mutane, sa'o'in babana, suna matsa mini hanya in buɗe ƙofa. Na dafa shayi, na sawo biredi. Ɗan Isa da ya dawo ya durƙusa ya gaishe su, ya ba Kawu tabarmar sallarshi, ya ɗauki littafi ya ce za shi wurin wani aboki. Da safe sunka tafi kasuwa suna sa mini albarka. Na sa a sitatus: baƙi sun sauka, mai gida na kan aiki.

Sati na biyu su biyar. Na uku takwas. Daga nan na bar ƙirga. Har waɗanda ban sani ba, mutum ya yi sallama ya ce Kawunka ya ce nan ne. Akwai wani dogo mai yawan zama Nijar, komai zai faɗa sai ya fara da "bon" irin ta masu Faransanci. Ya cire wayar ɗan Isa daga caji ya sa tashi, ya ce, "Bon, taka ta ɗan samu."

Kwana guda a sati da sauƙi, in da nan abin ya tsaya. Ajiya ce ta kashe ni. Abin da bai shiga ba a kasuwa sai a dawo da shi ɗaki, sai wani satin. Buhun barkono biyu, kanwa, wasu fatu da anka naɗe da igiya. Da farko a rabina suke. Sannu-sannu sunka tsallake taga. Ina kwana ƙafata bisa buhu, in na juya barkono ya shige mini hanci. Ɗan Isa kan tashi da atishawa, ya yi bakwai a jere, ya share hawaye, ya dube ni, ya koma ya kwanta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ga makulli. Ina cikin aji waya ta hau ruri a aljihu: mun iso, muna ƙofa. In fita kamar za ni bayi, in hau kabu-kabu, in buɗe, in dawo an wuce inda na bari. Ga ruwa. Jarka biyu da ke kai mu kwana uku, kafin magariba sun tafi a alwala. Ga safiyar kasuwa, sun watse tun da duhu, ɗakin kamar an tashi daga tasha: ɓawon gyaɗa, tofin goro a bakin ƙofa, ledar fura, buta a kife. In share, in wanke kofuna, in tafi makaranta ido na yaji. Malamin da ke koya mana awon jini ya taɓa tsayawa kaina ya ce, "Kai, gadi kake yi da dare?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su.

Na bar sa sitatus. Ba abin ɗauka. Ta kowace kusurwa buhu ke fitowa.

Na yi niyyar yi wa Inna ƙorafi, sai ta riga ni. Ta kira da sabis ɗin Nijar, muryar na yankewa. "An ce kai ka riƙe mutanen gari can. Kawunka ya zo nan har ɗaki ya gaya mini. Allah shi yi maka albarka, ka fid da ni kunya." Na ce amin. Me za ni ce?

Wata biyu muna a haka, sai ranar zabi.

Mutumin nan mai "bon" ya zo da zabi huɗu, ƙafafu ɗaure, ya aje su cikin ɗaki don rana, ya ce za shi ganin wani mai saye ya dawo. Ni na koma makaranta. Guda ta kwance. Allah kaɗai ya san abin da ta yi cikin awa biyun nan. Ɗan Isa na da fararen kayan aiki, wando da riga, ya kai guga ya shimfiɗa bisa katifarshi, da safe za su asibiti a duba aikinsu. Da na buɗe ƙofa zabuwar na tsaye bisa rigar, tana kallona da ido guda. Ta yi kashi wuri uku, ta bi da ƙafa ta tattake.

Ina tsaye da zabuwar a hannu ɗan Isa ya shigo. Ya dubi rigar, ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya mayar. Ya leƙa waje ya ga ba kowa kusa, ya turo ƙofa.

"Ɗan Burkusuma, zauna."

Na zauna bisa buhun kanwa, zabuwa a hammata.

"Ni mutum guda na ɗauka. Ko na yi kuskuren lissafi?"

"Oga, wallahi za ni wanke maka yanzu-yanzu, kafin magariba ta bushe."

"Ba maganar riga nake ba. Jarabawar fitata saura sati uku. Rabon da in yi karatu a ɗakinga har na manta. Yau su kwana, sun riga sun zo, ba ni korar dattawa da rana tsaka. Amma jajibiri mai zuwa in anka sake kwana nan, ko na iske buhu guda, ka nemi wani wuri. Akwai yara biyu a ajinku da ke bina kullum suna neman wurin nan."

"Oga, Kawuna ne fa."

"Ni ma ina da kawu. Har uku. Ka taɓa ganin ɗaya nan?"

"A'a."

"Don ban yi musu sanarwa ba."

Ya ɗauki rigar da bokiti ya fita. Bai bari na wanke ba.

Neman wani wuri a Sabon Birni a lokacin, magana ce. Mutanen ƙauyuka sun cika gari, kowane zaure da iyali a ciki, har kangon da ba rufi an kafa buhu an shiga. Wanga rabin ɗakin ma sa'a ce ta ba ni shi. In na rasa shi, ko dai in koma gida in bar karatun, ko in bi sahun masu kwana a baranda da littafi a ƙarƙashin kai. Na san ɗan Isa ba barazana yake ba. Mutumin da ba ya magana, in ya yi, ya gama shawara.

Satin nan duka ina fama da waya. Ni da ke rubuta saƙo ba ni ko kallon allon, yatsa ya tsaya. Kawu ba ya karatun boko, sai murya. In danna in fara: "Salamu alaikum Kawu, dama wai..." in goge. In sake: "Kawu barka da rana, ya iyali, dama akwai 'yar magana..." in saurara in ji muryata kamar ta ɓarawo, in goge. Na kira Inna sau biyu, munka yi maganar gero da ciwon ƙafar kakarmu, na kashe. Ɗan Isa bai sake tada zancen ba. Ya dai ja buhunan da sunka tsallake taga ya maido su rabina, har katifata ta naɗe gefe guda.

Ranar ta zo. Ban shiga aji na ƙarshe ba, na dawo na zauna bakin ƙofa. Ɗan Isa na ciki da littafi. Bayan azahar kaɗan Kawu ya iso, shi da wani maƙwabcinmu, sauran na baya. Ya kashe mashin, ya sauko yana dafa ƙugu, ƙura har gira. Na karɓi jakarshi, na ba shi ruwa, munka gaisa har kaji da awaki. Ya fara kwance igiyar kaya.

Na ce, "Kawu, dama akwai magana."

"Ina jinka, Likita."

Abin da ya fito bakina ba shi na shirya ba. "Hajiya mai gidan ce. Ta ce ba ta yarda a riƙa kwana da yawa ba. Ta ce a kwashe kaya."

Ya tsaya da igiya a hannu. Ya jinjina kai.

"Gaskiya ta," ya ce. "Laihina na. Wata biyu ina kwana gidan mutum, ban taɓa shiga nig gaishe ta ba. Wa zai ji daɗi? Bari in gyara."

Ya buɗe buhu, ya auno dabino mai kyau cikin leda, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula, ya nufi zauren gidan. Na bi shi. Hajiyar nan ba ta taɓa ce mini ko kanzil ba a kan baƙi. In ta ga na fito da buta ma sai ta ce a gaida mutanen ƙauye. Yanzu dattijo zai durƙusa ya ba ta haƙuri a kan maganar da ba ta yi ba, ita kuma ta ce yaushe.

Ya yi sallama sau ɗaya.

Na ce, "Kawu, tsaya. Ba ita ba ce."

Ya juyo. Ya daɗe yana kallona, ledar dabino a hannu.

"Abokin zamanka na?"

Tagar ɗakinmu na buɗe, taku uku daga inda muke. Na san yana ji. In na ce shi ne, ban yi ƙarya ba, kuma Kawu zai koma gida ya ce wani ɗan Isa ne mara mutunci ya kore su, ni in fita fes. Na buɗe baki da niyyar haka.

"Ni ne, Kawu. Na gaji. Ba ni barci, ba ni gane karatu. Ɗakin ma ba nawa ba ne, rabi gare ni. In anka sake kwana, ni za a kora."

Sai da na faɗa na ji ashe maganar gajiyar ta fi gaskiya. Ko ba a ce za a kore ni ba, na gaji.

Daga ciki Hajiya ta ce, "Wa ke sallama?"

Kawu ya ce, "Baƙo na, Hajiya." Ya cire takalmi ya shiga. Ina jin su daga zaure. Ya gaishe ta, ya ce shi ne kawun yaron nan na shago, ya gode da haƙurin da anka yi da su, ga ɗan dabino a ba yara. Ta ce ai ba komai, baƙo rahama ne, yaron ma ba ruwanshi. Ya fito ya sa takalmi.

Ba faɗa ya yi mini ba. Murya ƙasa-ƙasa ya yi magana, don kar maƙwabcinmu ya ji.

"Ba mu roƙe ka ba, ɗana. Kai kac ce masauki."

"Kawu, mu haka muke faɗi. Wurin kwana kawai nake nufi."

"Da ɗaki kac ce ka samu, da mun yi maka barka mun wuce. Kac ce masauki, kac ce ƙohwa buɗe. Ni da kunnena nij ji." Ya dubi ƙofar shagon. "Rabi gare ka?"

"Rabi."

"Hoton bai nuna ba."

Ya juya ya ce wa maƙwabcin namu ya maida igiya, akwai canji. Mutumin ya dube ni, ya dubi Kawu, bai tambaya ba.

Munka shiga fitar da ajiya. Ɗan Isa ya rufe littafi, ya gaida Kawu kamar kullum, ya kama kunnen buhun barkono ni na kama ɗaya. Sawu uku mashin ya yi zuwa bakin tasha. Tsakanin sawu Kawu na tsaye bakin titi, duk ɗan garinmu da ya karyo kwana sai ya ɗaga mishi hannu ya nuna mishi hanyar tasha. Mai "bon" ya tsaya ya ce, "Bon, mi ya hwaru?" Kawu ya ce, "Yara na da jarabawa." Iyakar abin da ya gaya wa kowa ke nan, har gida.

Da anka gama, ɗakin ya yi girma kamar ba shi ba. Na share garin kanwa da 'ya'yan barkono, na miƙe katifata. Ɗan Isa ya koma ga littafinshi. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Da ka ce ni ne, ba zan musa ba."

Na ce, "Na sani, Oga."

Na kwanta da rana, abin da na yi wata biyu ina mafarki, barcin bai zo ba.

Da asuba kafin makaranta na bi ta tasha. Sun riga sun naɗe tabarmi, wasu na alwala da ruwan leda bakin kwata. Na durƙusa na gaida Kawu. Ya amsa lafiya lau, ya laluba jaka ya miƙo mini ƙunshin da Inna ta aiko, kuka da daddawa da ƙuli, wanda jiya bai samu ba ni ba.

"Koma, kak ka makara."

A gurup wani ya rubuta masauki ya rufe, ya jera fuskokin dariya. Na fara rubuta amsa mai zafi, na goge, na kife wayar. Inna ba ta taɓa tada maganar ba. Ta dai koma tambayata ko ina cin abinci, ta ba ƙanena waya.

Ɗakin bai kuɓuce mini ba. Ɗan Isa ya ci jarabawarshi ya tafi, Hajiya ta maida shagon da sunana, na ɗauko wani yaro daga wajen Alkalawa munka raba. Shekara biyu na ƙara a ciki har na gama. Sau biyu ina ce wa Kawu in shi kaɗai ne ya zo ya kwana, ba mai hanawa yanzu. Ya ce ai ba ya barin 'yan tafiyarshi a baranda shi ya shiga ɗaki.

Duk jajibirin kasuwa yakan tsaya bakin titi, mashin na kunne, ya yi hon sau ɗaya. In fito in karɓi saƙon Inna. In ce, "Kawu, shigo ka sha ruwa." Ya ce ya sha a hanya, ya ja mashin ya nufi tasha.